Gwajin Auta a Ɗakin Guga

Sallama gare ku masu bibiyata, har da ku da kuke karantawa a ɓoye a wurin aiki kuna yi kamar saƙon oga kuke dubawa. Na ga sharhinku. Wata ta rubuto cewa in ban sassauta ba, da injin wanki zan tsufa. Na gode 'yar uwa, amma Umma ta riga ki faɗa, kuma ita a gaban idona ta faɗa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, bari in gajarta masa. Kamfanin wanki da guga gare ni. Da inji ɗaya na fara a bayan kicin ɗin Umma, ina shanya a igiyarta tana mita. Yau shaguna biyu ne da motar kai kaya, ga wani otal da ya ba mu wankin zannuwan gadonsa da tawul. Reshe na uku muke shirin buɗewa. An gama fenti, injina suna nan cikin ledarsu, abin da ya rage kawai shi ne wanda zai riƙe wurin. Sai kuma maganar Likita. Likitan haƙori ne, da fararen rigunansa ya fara zuwa shagona, yana kawo su tun ba su yi datti ba, har ma'aikatana suka gane ba wanki ke kawo shi ba kafin ni in gane. Ƙarshen watan nan manyansa za su zo gidanmu a yi maganar aure.

Yadda nake ɗaukar ma'aikaci kuwa ya ja min suna. Ba na tsayawa kan takardar makaranta, ba na jin ɗan wane ne. Duk wanda ya zo, yini zai yi tare da mu yana aiki. Da safe wurin injina, da rana teburin karɓar kaya, da yamma ɗakin guga. Ba ƙwarewa nake nema ba, ita ana koyonta. Babu sabon da ba ya ɓarna a ranar farko. Wani zai haɗa jan kaya da fari, wani zai fasa maɓalli. Ni abin da zai yi bayan ɓarnar nake jira. In ya ɗauko kayan ya zo ya ce ga abin da na yi, ya samu aiki. In ya naɗe ya tura ƙasa, sai mu rabu cikin mutunci. Mutane ba tsumma suke kawo mana ba, akwai wanda kwat ɗin mahaifinsa da ya rasu yake miƙo maka. Sabon reshen kuma yana can nesa inda idona ba zai kai ba, sai dai amanar wanda na ajiye. Ba na gaya wa mai neman aiki wannan sirrin, amma ma'aikatana duk sun sani, don kowannensu ta nan ya biyo. Yanzu da na tona wa kaina asiri a nan, wanda ya karanta ya zo yana min kukan ƙarya a kan maɓalli zan gane shi.

To, ranar da abin ya fara, na dawo gida a gajiye na tarar da Umma a falo ta miƙe ƙafa a kan dardumarta, gilashi a ƙarshen hanci, waya a cinya, tana wani irin murmushi.

"Manaja, zo ki zauna."

Duk ranar da Umma ta kira ni Manaja da taushin murya, to an riga an yanke wani abu a bayana.

"Yanzu muka gama waya da Hajiyar Likita," in ji ta. "Autarsu ta gama karatu, tana zaune a gida sai danna waya. Hajiya ta ji kuna buɗe sabon wuri. Na ce mata ai gida ne, ta turo ta kawai."

"Umma, kin ɗauke ta aiki ke nan?"

"Na ɗauke ta. Ke sai ki nuna mata kujera."

"Za ta yi gwaji kamar kowa."

Umma ta zare gilashin a hankali. "Ke ko mala'ika ne ya sauko neman aiki, cewa za ki yi ya fara da wankin tawul. Mutum nawa kika mayar a watan nan? Da maza ma haka kika yi ta yi. Wannan dariyarsa ta yi yawa, wancan ya yi wa mai gadi tsawa. Yanzu Allah ya kawo wanda ya jure ki, za ki fara da ƙanwarsa."

"Wanda ya yi wa mai gadi tsawa ai ke ma kin ce ba ya da tarbiyya."

"Ba shi muke magana ba."

Na shige ɗaki, na yar da mayafi a kan gado, na rubuta wa Likita saƙo: "Ka ji labarin sabuwar manajata?"

Ko ajiye wayar ban yi ba amsa ta shigo. "Na ji a bakin Hajiya, kamar yadda kika ji a bakin Umma. Ni da ke 'yan kallo ne."

"Za ta yi gwaji fa."

"Ranki ya daɗe, wa ya isa ya hana? Ni ma na yi gwajin ne ban sani ba?"

"Kai har yanzu kana ciki."

"To a dube ni da idon rahama. Ita ma haka. Yarinyar kirki ce, gata ne ya yi mata yawa."

Na yi murmushi ni kaɗai kamar wata sakarya. Ina son mutumin nan, 'yan uwa, ba zan ɓoye muku ba. Kuma na san Hajiyarsa, mace ce mai fara'a da kyauta, sai dai duk abin da ya taɓa Auta ya taɓa ƙwayar idonta.

Ranar gwaji turaren Auta ya riga ta shigowa shago. Doguwar riga ruwan madara mai faɗin hannu, mayafi shara-shara, takalmi mai tsini, da wata 'yar jaka da ko wayarta da ƙyar ta shiga. Sarauniya ta dube ta sama da ƙasa. Sarauniya ita ce shugabar ɗakin guga, ma'aikaciyata ta farko, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita kaɗai ke ce min na yi shirme in haɗiye. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Walima aka ce mata muna yi?"

Na miƙa wa Auta rigar aiki da takalmin roba.

"Anti, da wannan zan yi hoto?"

"Da shi za ki yi aiki."

Ta yi dariya ta saka, sannan ta yi hoton duk da haka.

Na zaci kafin hantsi za ta nemi kujera da fanka, sai yarinyar nan ta ba ni kunya. A wurin injina ta durƙusa tana ware fari da mai launi, tana laluben aljihu, tana tambayar abin da ba ta sani ba ba tare da jin nauyi ba. Da aka kai ta teburin karɓar kaya kuwa, nan ta nuna asalin baiwarta. Wani mutum ya shigo yana huci saboda labulayensa ba su bushe ba, irin wanda ni in na gan shi sai na fara karanto addu'a. Auta ta ba shi kujera da ruwan sanyi, ta saurare shi har ya gaji da faɗa, ta gaya masa gaskiyar lokacin da za su fito. Mutumin nan da dariya ya fita, yana cewa zai kawo dardumomin gidansa ma. Bayan ya tafi ta juyo ta ce, "Anti, me zai hana duk kayan da aka kawo mu ɗauki hotonsa a gaban mai shi, mu tura masa ta waya? Kin ga babu mai cewa da can ba haka yake ba."

Raina ya yi fes. Har na fara hango ta a sabon reshe, na hango murmushin Hajiya, na hango Umma tana ce min ban gaya miki ba, kuma na shirya jure wannan gorin har ƙarshen rayuwata. Abu ɗaya ne kawai, har lokacin ba ta ɓata komai ba. Na ce watakila yau ne za a fara samun wanda zai wuce salin alin.

Da yamma aka shigar da ita ɗakin guga. Ɗaki ne mai dogayen tebura, tururi na tashi, fankoki na juyawa a banza, rediyon Sarauniya na magana ƙasa-ƙasa a kan taga. Ofishina yana da gilashi da ke kallon ɗakin, don haka ina zaune nake ganin komai. A cikin kayan ranar akwai fararen rigunan Likita, don har yau bai daina kawowa ba.

"Lah, rigunan Yaya," in ji Auta. "Ai ko a duhu na san su. Anti Sarauniya, bar min waɗannan."

Ta goge ta farko lafiya, ta biyu ma haka. Tana kan ta uku wayarta ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Ta maƙale ta da kafaɗa, wata ƙawa ce ke ba ta labari, ta ƙyalƙyale da dariya, hannunta ya saki dutsen guga a kan bayan rigar. Ƙauri ne ya fara isowa ofishina. Ta ɗaga dutsen da sauri, sai ga shatinsa ruwan ƙasa, cikakke har da tsininsa, daidai tsakanin kafaɗu.

Ta kashe wayar. Ta dubi hagu, ta dubi dama. Sarauniya ta juya mata baya tana fama da zanin gado, amma hancin Sarauniya ba ya da baya. Ni kuwa na yi maza na sunkuyar da kai kan kwamfuta, don kar ta ga na gani, don ta zo da ƙafarta. A zuciyata ina cewa, zo Auta, ga ƙofa nan a buɗe, zo ki faɗa in rungume ki.

Ba ta zo ba. Ta wutsiyar ido na ga ta ninke rigar, kuma abin haushi, ninki mai kyau ta yi, ta mayar da tabon can ciki. Ta saka ta a tsakiyar sauran, ta zura su a ledar kamfanina, ta liƙe.

Na ba ta dama. Na ratsa ta gefenta kamar wani abu nake nema.

"Auta, yaya aikin? Babu wata matsala?"

"Komai lafiya lau, Anti."

Da aka zo tashi na sake tsayar da ita a bakin ofis. "Akwai abin da kike son gaya min kafin ki tafi?"

Ta dubi yatsunta. "Na ji daɗin aikin sosai, Anti."

Likita ne ya zo ɗaukarta, kuma da hannunta ta miƙa masa ledar rigunansa. Ya dube ni yana murmushi ya ce, "Yaya ɗalibarmu?" Na ce zai ji sakamako. Suka tafi, yana tsokanarta a kan takalmin roba.

Na koma ɗakin guga na tarar da Sarauniya tana zare wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ko dube ni ba.

"Hancina ne ya tsufa, ko naki ma ya ji?"

"Ya ji."

"Duk ɗakin ya ji." Ta naɗe wayar a hannunta. "Ni ba zan ce komai ba, dangin miji ba abin wasa ba ne. In kin ɗauke ta, Madam za mu ce mata, ba za ki ji kanmu ba. Sai dai daga ranar, kar ki ƙara tsayar da ɗan wani ki tambaye shi ko akwai abin da ya ɓoye. Kunya za mu ji miki."

Da maganar nan na koma gida tana min yawo a kai. Na zayyana wa Umma komai, ina zaton ko sau ɗaya za ta tsaya a bayana.

"Rigar wa ta ƙona?" in ji Umma.

"Ta Likita."

"To rigar yayanta ce fa. A gidansu ko ƙurmus ta yi mata, wa zai kai ta kotu?"

"Yau ta yayanta ce, Umma. Gobe ta otal ce, ni ina nan, ita tana can."

"Za ki ƙona aurenki a kan riga ɗaya."

"Ba rigar ba ce."

"Kullum ke ba abin ba ne, wani abu ne can daban da ke kaɗai kike gani." Ta ja tsaki ta mayar da gilashinta. "Halin babanki ne sak, Allah ya jiƙansa. Shi ma har mai gyaran famfo sai da ya gudu daga hannunsa."

Ina ɗaki saƙon Likita ya shigo: "Rigunan sun yi kyau. A gaishe da mai gugar." Na rubuta amsa na goge, na sake rubutawa na goge. Daga ƙarshe na tura masa "Za ta ji" kawai. Na ce a raina bari in bar ta zuwa gobe, watakila ta kwana da abin ya dame ta.

Washegari na yini a shago ina duban waya, ina duban ƙofa. Shiru. Na tashi da wuri na koma gida raina a jagule. Bayan la'asar ina falo cikin wata koriyar doguwar riga ta zaman gida, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, sai ga sallamar Likita. Na yafa baƙin mayafi na ce ya shigo.

'Yan uwa, a wannan zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, mutumin nan kwat ce a jikinsa. Baƙa, mai kauri, hannunta bai ko kai agogonsa ba. Ya zauna a kujerar da ke jikin bango ya miƙe ƙyam.

"Likita, sanyi kake ji?"

"Taro muka yi."

"Taron da ake aron kwat?"

"Ta abokin aikina ce. Tawa ai tana shagonki."

"To an gama taron, cire ka sha iska."

"A'a, na fi jin daɗi haka."

Zufa na bin gefen fuskarsa tana ɗiga daga haɓa. Umma ta shigo da ruwan sanyi a faranti, ta tsaya tana kallonsa. "Ɗana, ko zazzaɓi ne?" Ya ce lafiyarsa ƙalau, ya shanye kofin a tashi ɗaya. Ta fita tana waiwaye.

Da farko dariya nake dannewa, har cikina yana ciwo. Na gane ya saka rigar, ya gano tabon, kuma yana rufa wa ƙanwarsa asiri. Amma ina cikin kallonsa dariyar ta mutu. Abin da Auta ta yi da leda, shi yake yi da kwat. Wannan shi ne mutumin da zan zauna da shi, wanda zan bar wa gida da 'ya'ya in tafi aiki. In zai iya zama a gabana yana dahuwa don kar in ga bayansa, gobe me zai ɓoye? Tsoro ya kama ni, ba na rasa ma'aikaciya ba, na rasa shi.

Na daina murmushi na ce, "Likita, akwai abin da kake son gaya min?"

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Sannan ya sauke numfashi, ya miƙe, ya cire kwat ɗin, ya juya min baya. Ga shatin nan raɗau, zufa ta ƙara fito da shi.

"Tun safe nake yawo da shi ban sani ba," in ji shi, yana magana da bango. "Sai da wata tsohuwa da na cire wa haƙori, bakinta cike da auduga, ta yi ta nuna bayana tana gurnani. Ni kuma ina ta ba ta haƙuri, na zaci zafi take ji." Ya juyo. "Na kira Auta. Ta yi kuka, ta ce don Allah kar in gaya miki. Na ce to. Daga asibiti zuwa nan ina ta tsara ƙarya, na ce zan ce ni na ƙona a gida, sai na tuna ban ma san inda dutsen gugar gidanmu yake ba. Da kika tambaye ni kuma, na ga ba zan iya ba."

"Tun jiya na gani."

"Kin gani, kika bar ni a cikin wannan bargon?"

"So nake in ga iya inda za ka kai."

Ya zauna yana goge wuya da hankici. "To na ci ko na faɗi?"

"Ka ci. Da ƙyar."

"Ita fa?"

"Ba zan iya ba ta reshen ba."

"Rigata ce, kuma na yafe."

"Ka yafe a matsayin yayanta. Ni kwastoma na miƙa wa ƙonanniyar riga a leda mai sunan kamfanina."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na sani. Ni ma da wani ne ya yi min haka a asibiti, ba zan bar masa wurin ba. Hajiya nake ji. Ta riga ta gaya wa dangi kaf, har jakar zuwa ofis ta saya mata."

Bai rufe baki ba Umma ta ɗago labule, wayarta a hannu, ta rufe bakin wayar da tafinta.

"Hajiya ce," ta ce da raɗa. "Tana tambayar ranar da Auta za ta fara. Ki ce mata ana kan shiri. Ki bari ƙarshen wata ya wuce, sannan ki yi duk abin da kika ga dama."

Wallahi shawarar ta yi min daɗi a kunne. Kalma biyu ce kawai, ana shiri, kowa ya kwana lafiya. Amma tun jiya nake jin haushin wadda ta ninke tabo ta mayar ciki, ga shi yanzu ana miƙo min tawa ledar. Na karɓi wayar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa kamar tana ganina.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Auta ta dawo jiya tana ta yabon wurinku. Na ce bari in ji yaushe za ta fara, don a shirya mata direba."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Auta tana da ƙoƙari ƙwarai, ban taɓa ganin mai iya tarbar mutane kamarta ba. Amma ba zan iya ba ta wurin ba."

Umma ta dafe ƙirji.

"Saboda me?" in ji Hajiya.

Da ina da wayo da na ce zan zo gida in yi bayani. Amma an tambaye ni, ni kuma bakina bai iya kwana ba. "Ta ƙona kayan kwastoma, ta ɓoye, na tambaye ta ta ce babu komai."

"Wane kwastoma?"

"Likita."

"Rigar yayanta."

"Eh, Hajiya."

"Yana nan wurinki? Ba shi."

Na miƙa masa. Ya miƙe tsaye ya karɓa. "Na'am, Hajiya. To. A'a Hajiya, ba haka ba ne, ai ita... To. To, Hajiya." Ya sauke wayar daga kunne yana kallonta kamar za ta ƙara cewa wani abu.

"Me ta ce?" in ji Umma.

"Ta ce zuwan ƙarshen wata a dakata tukuna." Ya dube ni. "Ta ce tana so ta sake tunani a kan gidan da za a kori 'yarta saboda rigar ɗanta."

Na zaci Umma za ta rufe ni da faɗa, kuma da ta yi da na ji sauƙi. Ta karɓi wayarta, ta ɗauki farantin ruwa, ta shige ciki. Idona ya cika, na danne, don ba na son in yi kuka a kan abin da har yanzu nake ganin daidai na yi.

"Bari in je in same ta," in ji Likita.

"Ga kwat ɗinka."

"Bar ta nan. Haka zan je, ta ga abin da ake magana a kai."

Na raka shi bakin ƙofar gida, yana gaba ina baya, ina kallon tabon nan yana tafiya a fili ga duk mai wucewa. Ya sa hannu zai buɗe motarsa ke nan wata tasi ta tsaya a bayanta. Auta ce ta fito. Ba turare, ba tsini, wata shuɗiyar riga mara ado da silifas, idanunta sun kumbura. Ta ga yayanta, ta ga bayan rigarsa, ba ta tsaya a kansa ba. Wurina ta nufo kai tsaye.

"Anti, na je shago, Anti Sarauniya ta ce kin dawo gida." Ta tsaya a gabana. "Jiya kin tambaye ni, na yi miki ƙarya. Ni na ƙona rigar, kuma da gangan na ɓoye. Na yi ta gaya wa kaina ai ta Yaya ce. Amma ba a gida na ƙona ta ba, a shagonki ne, kuma ke za a zaga. Ban zo don ki ɗauke ni ba. Tun rana na kashe wayata, don na san in na kira wata ƙawa za ta ce in yi shiru."

Ga maganar da tun jiya nake roƙon Allah ta fito daga bakinta, ga ta nan cikakkiya, ba wanda ya sa ta. Na dubi Likita, ya dubi ƙasa.

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ban gaya wa Hajiya ba tukuna. Na ce ke ya kamata ki fara ji. Abu ɗaya nake roƙo, Anti. In ta ji daga wani wuri ba za ta fahimta ba, ke za ta ɗora wa laifi. Don Allah ki bar ni in gaya mata da bakina."

Na kama hannunta, sanyi ƙalau, na rasa ta inda zan fara gaya mata cewa na riga ta.